Gidan Bulo: Komai Ya Tashi Ban Da Kuɗin Buhu

Duk hanyar da ka bi ka fita daga Kano, ta Zariya ce, ta Gwarzo ko ta Haɗeja, sai ka ga gidajen bulo a gefen titi: fili a buɗe, tsibin yashi, rumfar kwano da inji a ƙarƙashinta, ga bulo jere a rana. Ana idar da sallar asuba ake tayar da inji, don mai shebur ya fi son ya ci ƙarfin aikinsa kafin rana ta take.

Yashi tifa ke kawo shi daga kogi, irin su Challawa da Wudil. Mai gidan bulon da ya san aikinsa ba ya bari a juye sai ya damƙi yashin a hannu. In ya dunƙule ya bar laka a tafin hannu, da ƙasa a ciki, kuma bulon da aka buga da shi ba ya ƙarko. Siminti kuwa, buhu mai kilo 50, daga nesa yake zuwa: na Dangote daga Obajana a jihar Kogi, na BUA daga Sakkwato, na Ashaka daga Gombe. Duk a bayan tirela, saboda haka kuɗin man dizal na cikin kowane buhu tun kafin a farke shi.

Da baro ake auna yashi, a zazzage siminti a kai, a yi ta juyawa a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Kwaɓin bulo danshi-danshi ake yin sa. In ruwa ya yi yawa, da an ɗaga mol sai bulon ya zauna. Mai inji ya tura katako, masu shebur su cika mol, injin ya girgiza ya danne, a ɗaga, sai masu ɗauka su sungumi katakon su nufi fili cikin sauri amma ba da gudu ba, don ɗanyen bulo tuntuɓe ɗaya ke rusa shi. Daga washegari sai ban ruwa safe da yamma. A ƙa'ida ya kamata ya sha ruwa kamar mako guda, sai dai mai saye ba ya haƙurin haka, mai sayarwa ma yana bukatar filin.

A yawancin gidajen bulo ba a biyan albashi. Kuɗin buhu ake biya: yawan buhunan da aka buga a wuni, sai ayarin su raba a tsakaninsu, mai inji ya ɗauki kaso mafi tsoka. 'Yan lodi kuma a kan kowane bulo ake ba su. Ranar da ruwa ya wuni yana zuba, ko inji ya lalace, ko siminti bai iso ba, babu ko sisi.

Tsarin da daɗewa haka yake, ana kuma rufin asiri da shi. Abin da ya gurgunta shi ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai tifa ya ƙara kuɗi, dillalin siminti ya ƙara, mai shinkafa da wake da ke bakin gidan bulon ita ma ta ƙara. Kuɗin buhu ne ya tsaya, in ma an taɓa shi to ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafe su ba, don dokar ta ware masu karɓar lada a kan yawan aiki da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. In lebura ya ce, "Maigida, a duba mu," amsar ba ta wuce, "Ku yi haƙuri, kasuwar ce ba ta ja." Ya kuma san akwai 'yan ci-rani a bakin titi masu jiran sheburinsa.

Maigidan ma ba ƙarya yake yi ba. Ɗan kwangilar da ya karɓi aikin ajujuwa a tsohon farashi ba zai yarda a ƙara masa kuɗin bulo ba, sau da yawa ma bashi yake ɗiba sai an biya shi. To, wanda aka hana shi ƙara farashi ina zai huce? A kan yashi. Buhun da ya kamata ya fitar da bulo mai inci tara guda talatin da 'yan kai sai a ja shi ya doshi hamsin. Wannan ha'inci ne, ko wane suna aka ba shi, kuma birkila na gane shi da ya ga kusurwar bulo na marmashewa a hannunsa. Akwai masu tsoron Allah da suka ƙi, suka gwammace su buga kaɗan su sayar da tsada ga wanda ya san darajar abin.

Babban abokin cinikin gidan bulo a da shi ne ƙaramin ma'aikaci, malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai ɗan tebur, wanda ke zuwa ƙarshen wata ya biya kuɗin bulo ɗari ko ɗari biyu ya bar su ajiya har su isa ɗaki. Yanzu kuɗin nan masara da kuɗin mota sun cinye shi. Ajiyar ma ta zama abin rigima: mutum ya biya bara, ya zo bana da a-kori-kura zai kwashi kayansa, alhali kuɗin da ya bayar ba zai sake buga adadin ba. Shi ya sa wasu gidajen suka daina karɓar ajiya, ranar da ka biya ranar za ka kwashe.