Haɗa ɗigo da ɗigo: wasan da ke koya wa yaro ƙirga da riƙon fensir

Masu 'ya'ya da masu ƙanne a gida, ku matso kusa.

Da yawa a cikinmu mun san yaron da zai rattabo maka ɗaya zuwa ashirin ba tangarɗa, amma ka nuna masa 7 a rubuce sai ya yi zuru. Ba daƙiƙi ba ne. Haddace ƙirga daban, gane lamba da ido daban. To a nan wasan haɗa ɗigo yake shigowa.

Yaya ake yin sa? Za ka ɗiga ɗigo-ɗigo a takarda, kowane ɗigo da lambarsa a gefe. Yaro ya fara daga 1, ya ja layi zuwa 2, ya wuce 3, har ƙarshe. Yana gamawa sai ga kifi ko gida ko tauraro ya fito. In ya tsallake lamba, hoton zai karkace, shi da kansa zai ga kuskuren ba sai an daka masa tsawa ba.

A shekarar 1978 wasu masana halayyar yara a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun bayyana ƙa'idoji 5 da ƙirgar yaro ke tafiya a kansu. Ɗaya daga ciki ita ce lambobi suna da jeri wanda ba ya sauyawa. Wannan jerin shi wasan yake ƙarfafawa. Amma fa ku lura, ba ya koya wa yaro cewa 5 na nufin abu guda biyar. Wannan kam sai an haɗa masa da ƙirga cokula ko takalma, yana taɓawa yana faɗa.

Sai maganar hannu. Ƙaramin yaro da dunƙulallen hannu yake fara kama fensir. Kafaɗa da gwiwar hannu su ke fara ƙwari kafin yatsu, shi ya sa riƙo da yatsu uku yakan zauna ne wajen shekara 4 zuwa 6. Ka ga ke nan tilasta wa ɗan shekara 3 cika shafi da rubutu, har da bulala, wahalar da shi ne kawai, kuma yana iya sa shi ya tsani littafi tun kafin ya shiga firamare. Jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo kuwa yana saba wa ido da hannu aiki tare, a tsaya inda ya kamata a tsaya.

Ba sai ka sayi littafi ba. Rairayin tsakar gida da tsinke sun isa, ko alli a siminti. Fara da manyan ɗigo 5, nesa da juna. In ya ƙware a kai 10, daga baya 20. Ya riƙa faɗin lambar da ƙarfi yana jan layi, da Hausa ko da Turanci. Da ka ga ya gaji, a ajiye sai gobe.

Ku gwada a satin nan, ku faɗa mana a ƙasa wane hoto yaranku suka fara fitarwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.