Karaye Da Rogo: Ƙasar Kan Iyaka Da Ta Wayi Gari A Bakin Ruwa

Jihar Kano ba ta yi iyaka da teku ba, amma tun shekarar 1992 akwai wani yanki nata da rayuwar wasu mutanensa ta koma irin ta mazauna gaɓa: masunta da kwale-kwale, dillalan kifi, da gonakin da ruwa ke cinyewa da damina ya saki da rani. Wannan yanki shi ne ƙasar Karaye da Rogo, can kudu maso yammacin jihar, inda aka datse Kogin Challawa. Ƙananan hukumomi biyu ne masu kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su biyun ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye a yau. Ɗaruruwan shekaru ke nan wannan ƙasa tana yi wa Kano hidima, da fari da garkuwa, daga baya da hatsi, yanzu kuma da ruwa. Sai dai abin da ke komowa gare ta bai kai abin da take bayarwa ba.

Yanayin ƙasa

Faɗin Rogo ya kai murabba'in kilomita 802, Karaye kuwa 479. Rogo ce ke kan iyakar jihohi uku. Ta kudu tana maƙwabtaka da Makarfi ta Jihar Kaduna, ta yamma kuma da Danja da Kafur na Jihar Katsina. Garin Rogo kansa mazaɓu biyu ne, Rogo Ruma da Rogo Sabon Gari, sannan ga Zarewa, Beli, Fulatan, Gwangwan, Jajaye, Ruwan Bago, Zoza da Falgore. Wannan Falgore daban take da dajin Falgore na wajen Doguwa, ko da yake baƙi kan rikita su. A ɓangaren Karaye akwai irin su Turawa, Yammedi, Kurugu, Tudun Kaya da Kafin Dabga.

Wanda ya taso daga arewacin jihar, wajen Dambatta ko Kunchi, zai ga bambanci tun kafin a gaya masa. A nan damina ta fi tsawo, ruwan sama ya fi yawa, ƙasa ta fi nauyi, ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaye a cikin gonaki. Saboda haka masara da dawa sun fi gero karɓuwa, ga waken suya, ga shinkafa a fadama, ga kuma rake, wanda ya haɗa Rogo da Makarfi da Danja cikin sana'a guda. Idan kaka ta yi, sai ka ga hayaƙi na tashi daga bukkokin masu mazarƙwaila. Ana tura rake cikin injin matsa, ruwan na gangarawa cikin masaki, a juye a manyan kasake a yi ta dafawa da ɓawon raken da aka matse, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya yi ja. Daga nan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Manomin da ke wannan aiki bai damu da inda taswira ta ja layi ba. Kasuwar da ta fi kusa da shi ita ce tasa, ko ta Kano ce, ko ta Kaduna, ko ta Katsina.

Garkuwar Kano ta yamma

Tarihin baka ya danganta kafuwar Karaye da Maguzawa, tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa. A rubuce kuwa, littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci garin a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623, lokacin da gaba tsakanin Kano da Katsina ta yi tsanani. A Karaye aka gwabza da Katsinawa, kuma a nan Wambai Giwa, wanda ya faɗaɗa ganuwar birnin Kano, ya kafa sansaninsa yana kai musu hari. Ya tara dawaki da mayaƙa har fada ta fara jin tsoron ƙarfinsa, aka tuɓe shi. Tun a wancan zamani, ke nan, birni ya san cewa barcinsa ya dogara da wanda ke tsaron yamma.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Kano bayan 1804, a yammacin birni masu jihadi suka fara taruwa, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, kuma Karaye na cikin garuruwan da suka faɗa hannunsu kafin birnin kansa. Bayan jihadi Sarkin Karaye ya ci gaba da zama cikin manyan sarakunan ƙasar Kano, sahu ɗaya da na Rano, Gaya da Dutse. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka tsara mulkin gundumomi, Karaye ta zama mazaunin hakimi, Rogo na ƙarƙashinta, har zuwa lokacin da aka ba Rogo tata ƙaramar hukumar.

A 'yan shekarun nan sarautar ta sha juyi. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu, Bichi, Rano, Gaya da Karaye, aka ɗaga Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu zuwa sarki mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, sannan a watan Yuli ta maido da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kawai. An yi ta muhawara a kan darajar sanda, amma ba a ba ruwa da hanya da makaranta rabin wannan kulawa ba.

Ruwan da ya wuce ta ƙofar gida

An gina Madatsar Challawa tsakanin 1990 da 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayin bangonta ya kai mita 42, tsawonsa ya doshi kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. In ban da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, babu kamarta a jihar. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da ita.

Ruwan da aka saki daga nan yana bin kogi gabas, ya ratsa wajen Panshekara inda birni ke ɗiban ruwan sha, ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa, ya wuce Wudil da Haɗejiya, ya shiga Komadugu Yobe mai zubawa Tafkin Chadi. Masana sun daɗe suna nuna cewa Tiga da Challawa sun sauya yanayin ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Ashe buɗe ƙofa ko rufe ta a Karaye na iya shafar masunci a Yobe.

A bakin madatsar kuwa, ruwan ya kawo alheri ya kuma zo da nauyi. Ya ci gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutane. Ya kuma buɗe sana'ar su: da asuba masunta na janye kalli, a fito da karfasa da tarwaɗa, dillalai na jira a gaɓa. Masu noman rani na bin ruwa yayin da yake janyewa, kowa da ɗan injinsa da mesa, suna shuka tumatir da albasa da tattasai. To amma wannan noma na ƙoƙarin kai ne, kuɗin fetur na cinye ribarsa, ba kamar na Kadawa da Kura ba, inda magudanan da aka gina ke kai ruwan Tiga har gona. Noma har bakin ruwa kuma na sa ƙasa zaizayewa tana cike madatsar da laka. Maganar samar da wutar lantarki daga Challawa ma ta daɗe a bakin gwamnatoci. Hausawa na cewa kowa ya kwana lafiya shi ya so, amma wanda aka karɓi gonarsa don amfanin jama'a yana da haƙƙin a waiwaye shi.

Yawan jama'a

Ƙidayar 2006 ta ba Rogo mutum kimanin 227,000, Karaye kuma fiye da 140,000, a cikin jihar da aka ƙidaya mutum miliyan 9.4. Idan aka raba, kusan mutum 290 ne a kowane murabba'in kilomita, cunkoso mai yawa ga ƙasar da kusan kowa da noma yake ci. Mafi yawansu Hausawa da Fulani ne, Musulmi, tare da 'yan tsirarun Maguzawa a wasu ƙauyuka, sai baƙi masu zuwa da tafiya, kamar matasa masu yi wa ƙasa hidima da ake horarwa a sansanin Kusalla da ke Karaye.

Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara kan ninka cikin shekara 24 ko ƙasa da haka, alhali ƙasar noma ba ta ƙaruwa. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya biyar ko shida ke rabawa a gado. Burtali na ƙuntata, makiyayi da manomi na haɗuwa a inda da ba sa haɗuwa, samari kuma na ficewa cirani zuwa Kano, Abuja da Legas.

Maganin wannan matsi yana nan cikin ƙasar. Gona ɗaya da za a noma sau biyu ko uku a shekara ta zama gona biyu ko uku. A shimfiɗa magudanan ban ruwa daga madatsun Challawa da Kusalla zuwa gonakin da ke kewaye. A dasa itatuwa a gaɓa don tsare madatsar daga laka. A gyara hanyoyin da ke fitar da rake da masara daga Zarewa da Beli da Rogo Ruma zuwa kasuwa, a kuma ƙarfafa tsaro a kan iyaka, ganin irin halin da maƙwabta suka shiga da 'yan bindiga. Wannan aiki ne na gwamnatin jiha da hukumar koguna da wakilan yankin a majalisu, kuma ya kamata masarauta da malamai da ƙungiyoyin manoma su riƙa tambayarsu a kansa duk shekara, lokacin da ake tsara kasafin kuɗi.