Tashar Jirgin Ƙasa Ta Ringim: Gadon Zamanin Gyaɗa

Duk wanda zai ba da tarihin bunƙasar garin Ringim, tilas ne ya biya ta tashar jirgin ƙasa, domin kuwa ita ce ƙofar da ta haɗa manoman wannan yanki da kasuwannin duniya.

Hanyar dogo ta iso Kano a shekarar 1911. Ba a jima ba gyaɗa ta zama babbar haja, har Turawan mulki suka ga ya kamata a kusantar da jirgi ga masu nomanta. Saboda haka aka ja reshe daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru cikin 1930, tafiyar kimanin mil 143.

Kafin zuwan dogo, jakuna da raƙuma ke ɗaukar kayan wannan gunduma zuwa Kano, ana kwana a hanya. Da jirgi ya zo, sai ciniki ya sauko ƙofar gida. Da kaka ta yi, akan ga ayarin dabbobi daga ƙauyuka niƙi-niƙi da gyaɗa, a auna a sikeli, a ɗinke a buhu, leburori su loda a taragu, sai Kano, daga can kuma sai Ikko inda jiragen ruwa ke jira. Baƙi daga sassa dabam-dabam suka zauna kusa da tasha, gari ya ƙara faɗi.

Amma aka ce duniya rawar 'yan mata. Farin da aka yi a 1973, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, sun karya wannan ciniki. Arzikin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, manyan motoci kuma suka ƙwace lodin da jirgi ya saba ɗauka.

A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Ringim kuma ta sami masarauta tata. Garin ya ɗaukaka, amma yawancin samarinsa labarin hada-hadar tasha kawai suke ji a bakin dattawa. Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa da masarauta su haɗa kai su kiyaye wurin, a kuma rubuta abin da tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa suka gani tun suna raye. In suka kau, babu wanda za a tambaya.