IYAKAR GUDU A KAN HANYA: ABIN DA MAI NEMAN LASIN TUƘI YA KAMATA YA SANI

Duk wanda ya kai shekara 18 yana da damar neman lasin tuƙi a Nijeriya. Amma kafin a ba shi, tilas ne ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, sa'an nan jami'an gwajin motoci su jarraba shi. Ba a kan sitiyari kaɗai ake yin jarrabawar ba. Akwai tambayoyi game da dokokin hanya, cikinsu kuwa har da iyakar gudu.

Yadda doka ta tsara

Abu biyu ake dubawa: irin hanyar, da irin motar. Littafin Dokokin Hanya na Nijeriya ya kasa hanyoyi kashi uku, watau titin cikin gari, da babbar hanya, da tagwayen hanya ta musamman irin wadda ta tashi daga Legas zuwa Ibadan. Ga iyakar gudu a kowace, bisa lissafin kilomita a cikin sa'a ɗaya:

Ƙaramar mota ta gida: 50 a gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.
Tasi da bas: 50, 80, 90.
Tirela da tankar mai: 45, 50, 60.
Babur: 50 a gari, 50 a babbar hanya.
Motar janwe, idan tana jan wata: 45 a ko'ina.

Hanya mafi sauƙi ta kiyaye waɗannan ita ce a fara haddace na ƙaramar mota: 50, 80, 100. Daga nan sai a tuna cewa gwargwadon nauyin mota da yawan rayukan da ta ɗauka, gwargwadon ragin da doka ta yi mata. A lura kuma, idan an kafa allo mai da'irar jan baki da lamba a tsakiya, to, lambar nan ita ce iyaka a wannan wuri, ko da ta gaza wadda ke cikin littafi.

Me ya sa aka ƙayyade?

Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin wajen mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 100 kuwa tana cin kusan mita 28. Ke nan idan yaro ya ɓullo kan titi, kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki, motar ta riga ta ci wannan tafiya. Bayan haka, in an ninka gudu sau biyu, tazarar da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita ninkuwa take yi har sau huɗu.

Ribar gudun kuma ba ta taka kara ta karya ba. Tafiyar kilomita 100 a kan gudun 100 minti 60 ce. A kan 120 kuwa minti 50 ce. Ashe saboda minti 10 kawai mutum yake kasada da ransa da na fasinjojinsa.

Iyaka ba umarni ba ce

Nan ne masu jarrabawa da yawa kan yi tuntuɓe. Lambar da doka ta ba da ita ce ƙarshen abin da aka yarda, ba wai lalle sai an kai ta ba. In ana ruwan sama, ko hazo ya rufe hanya lokacin hunturu, ko an iso kwana, ko kasuwa, ko ƙofar makaranta, wajibi ne direba ya sassauta, ya yi gudun da zai iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonsa ke gani. Haka kuma ya bar ratar daƙiƙa 2 a ƙalla tsakaninsa da motar gaba, ya ƙara idan hanya ta jiƙe.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama wanda ya ƙetare iyaka ta ci shi tara. A 2017 kuma ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Saboda haka ana kira ga masu koyon tuƙi da su nemi Littafin Dokokin Hanya su karanta da natsuwa, ba don cin jarrabawa kaɗai ba. Jarrabawa ana iya sake ta, amma rai in ya salwanta ba a mayar da shi. Sannu ba ta hana zuwa.