Sanyin Jiki Ba Ya Hana Ƙunar Rana: Daga Tsaunukan Ƙanƙara Zuwa Bakin Kogin Gaya

Masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato waɗanda suke ɗaura dogayen alluna a ƙafafunsu suna gangarowa daga tsaunukan Alps na Turai ko daga Ukaimedan na ƙasar Maroko, sukan sauko da fuskoki a ƙone da leɓɓa a tsattsage, alhali kuwa sun yini ne cikin sanyin da yake daskarar da ruwa. Dalilin haka shi ne, abin da yake ƙona fata dabam yake da zafin da jiki yake ji: wani ɓangare ne na hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda masana suke kira ultrabayolet, suna taƙaita shi da haruffan UV. Wannan bayani ya shafi mutanen Gaya kai tsaye, duk da cewa dusar ƙanƙara ba ta sauka a jihar Dosso, domin masunci da manomin shinkafa da mai tuƙa kwale-kwale su ma iskar kogi tana sanyaya musu jiki har su manta da abin da yake sauka a kansu.

Hasken UV da yake isowa ƙasa iri biyu ne. Wanda ake kira UVB yana tsayawa a saman fata, kuma shi ne yake haddasa ƙuna da saɓulewa, yayin da UVA yake ratsawa can ciki, ya sa fata ta yi tamoji da tabo kafin lokacinta. Dukkansu biyu kuma suna lalata ƙwayoyin halittar fata a hankali, lalacewar da take taruwa shekara bayan shekara har ta iya zama sankara. Abubuwa biyu suke ƙara wa mai zamiya haɗari. Na farko shi ne tudu, domin ƙarfin UV yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000. Na biyu shi ne dawowar haske, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya sauka a kanta, ta yadda ƙarƙashin haɓa da ƙasan hanci, wuraren da hula take inuwantarwa, suke ƙonewa daga ƙasa.

Gaya ba ta da tudu, amma tana da abin da ya fi tudu tasiri, wato kusanci da tsakiyar duniya. Garin yana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan tsaya daidai tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, kuma a irin wannan tsayuwa haskenta yana ratsa iska ta hanya mafi gajarta, ya iso da ƙarfinsa. Ma'aunin ƙarfin UV da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi ya nuna cewa ana bukatar kariya daga lamba 3 zuwa sama, kuma lamba 11 ita ce matakin tsanani, matakin da ƙasashen Sahel suke kaiwa da tsakar rana a watanni da dama. Hadarin damina ma ba garkuwa ba ne, tunda gajimare marar kauri yana barin mafi yawan UV ya wuce, kuma ƙurar hunturu, ko da take rage shi, ba ta kawar da shi.

Ruwa da rairayi ba su kai dusar ƙanƙara mayar da haske ba, domin ruwa yakan mayar da kimanin kashi 10, busasshen rairayi kuma kimanin kashi 15, sai dai ɗan wasa kwanaki kaɗan yake yi a kan tsauni, ma'aikacin kogi kuwa rayuwarsa ce gaba ɗaya. Sarkawan da suke jefa birgi a kogin Isa, da matuƙan kwale-kwalen da aikinsu ya ƙaru tsakanin Gaya da Malanville bayan da aka rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu a shekarar 2023, da manoman shinkafa na fadamun Tara da suke sunkuye a cikin ruwa wuyansu a buɗe, da masu dafa gishiri a Dallol Foga, da 'yan kabu-kabun hanyar Kamba, dukkansu suna shan rana ta sama da ta ƙasa tun hantsi har la'asar.

Baƙar fata tana da kariyar da Allah ya hore mata, wato sinadarin melanin da yake ba ta launi yana kuma shanye wani kaso na UV, shi ya sa sankarar fata ta rana ba ta yawaita a tsakanin baƙaƙe kamar yadda take a tsakanin Turawa. Amma ido ba shi da wannan gata. Mai zamiyar da ya yi sakaci da tabarau yakan kwana da raɗaɗi da hawaye kamar an zuba masa yashi a ido, saboda ƙunar fatar ƙwayar idon, masunci kuwa abin yakan zo masa sannu a hankali, ta hanyar yanar ido ko wata jar tsoka da take tasowa daga gefen hanci tana tafiya zuwa baƙin ido.

Mutane iri biyu ne suka fi kowa shiga haɗari. Zabiya, wanda aka haifa jikinsa ba ya samar da isasshen melanin, fatarsa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da suke kashe zabiyoyi da ƙuruciyarsu a Afirka, abin da yake cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin wayar da kai a kansu. Alamar farko takan kasance wani kaushi mai ɓawo a kunne ko leɓen ƙasa ko bayan hannu, wanda yake ɓarewa ya sake dawowa. Sai kuma masu shafa man bilicin, wanda sau da yawa yake ɗauke da haidurokwinon, sinadarin da yake hana fata yin melanin, ko magungunan sitiroyid da suke sa ta yi laushi da sirantaka. Idan rana ta samu irin wannan fata, sai kumatu da goshi su yi baƙi ƙirin, tabon da yake da wuyar magani.

Kariyar da ta fi sauƙi tana cikin suturar da aka gada. Malfa mai faɗin baki tana rufe fuska da kunnuwa da ƙeya, rawani da mayafi suna rufe wuya, riga mai dogon hannu kuma mai matsattsiyar saƙa ta fi shara-shara amfani, musamman da yake jiƙaƙƙen tufa yana barin haske ya fi ratsawa. Tabarau kuwa sai wanda aka rubuta UV400 a jikinsa, domin baƙin gilashi marar tacewa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya ƙara shiga. Man kariya daga rana yana ɗauke da lamba bayan haruffan SPF, ko FPS a wasu kayan da aka rubuta da Faransanci, kuma mai lamba 30 yana tare kimanin kashi 97 na UVB idan an shafa shi da kauri, aka kuma sake shafawa bayan kowace awa biyu ko bayan gumi da shiga ruwa. Zabiya ya fi dacewa da mai lamba 50. Man kaɗanya yana da kyau ga kaushin hunturu da fashewar leɓe, amma kariyarsa daga UV kaɗan ce ƙwarai.

Game da lokaci, inuwar mutum ta isa ma'auni: muddin ta fi shi gajarta, rana tana kan ganiyarta, wato daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma a wannan tsakani ya kamata a kafa rumfa a kwale-kwale, a kuma ɗauke yaro zabiya daga gona da kiwo. Duk gyambon da ya yi makonni bai warke ba, ko tabon da yake girma yana sauya kama, likita ya kamata ya gani da wuri, domin sankarar fata da aka gano tun tana ƙarama ana yanke ta a warke.