Baƙin Man Fagge da Sabon Gari: Ta Yaya Ake Auna Illarsa Ga Kifi?

Da an ce malalar mai, hankali sai ya tafi Neja Delta. Da dalili kuwa: rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da sinadarin benzin ɗinsu ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

To amma mu ma a Kano muna da tamu malalar, sai dai kaɗan-kaɗan take zuwa. Baƙin man da ake juyewa daga mota da Adaidaita Sahu da janareta a Fagge da Sabon Gari, idan aka zubar da shi a kwata, ruwa ne zai ja shi zuwa Jakara. Ita kuma Jakara ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su zarce Dam ɗin Wasai a Minjibir, inda masunta ke kamun kifin da zai dawo kasuwanninmu.

Mene ne a cikin baƙin mai?

Man da ya sha zafin inji ya fi sabo guba. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da wasu sinadarai da ake kira PAH a taƙaice, waɗanda ƙonewar mai ke haifarwa. Wasunsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Ba sa son narkewa a ruwa, sai su manne wa laka su kwanta a ƙasa, inda tarwaɗa ke kiwo.

Gwajin farko: nawa ne zai kashe?

A ɗakin gwaji, ana jera tankuna a zuba 'ya'yan tarwaɗa ko na ƙarfasa, misali goma-goma. Tanki ɗaya a bar shi da ruwa mai tsabta don kwatance, sauran a sa musu mai daga kaɗan zuwa mai yawa. Sai a yi ta ƙirga matattu har awa 96, wato kwana huɗu. Adadin man da ya kashe rabin kifayen shi ne LC50. Lura fa: ƙanƙantar lambar ita ce tsananin gubar.

Matsalar ita ce, wannan gwaji mutuwa kawai yake gani. Kifi na iya rayuwa alhali ya illata.

Gwaji na biyu: kifin da bai mutu ba

Bayan hatsarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a Alaska ta Amurka a 1989, masana sun gano cewa PAH da bai wuce kamar kashi ɗaya cikin biliyan na ruwa ba ya isa ya lahanta ƙwan kifi. 'Ya'yan sukan ƙyanƙyashe da zuciya mai naƙasa, ba sa iya iyo da sauri, kafin su girma an cinye su. Ka ga ba wanda zai ga gawa a saman ruwa, sai dai masunci ya ga kamu yana raguwa shekara bayan shekara.

Shi ya sa ake buɗe kifin a duba hanta da gaɓar numfashinsa a madubin ƙara girma. Ana kuma gwada ruwan matsarmama. Dalili? Hantar kifi takan sarrafa PAH ta tura ragowar can. Sai ka gwada tsoka ka ga kamar lafiya lau, alhali matsarmama ta nuna kifin ya sha mai kwanan nan.

Haka nan kwalbar ruwa ɗaya daga Jakara ba ta isa hujja ba. Ruwa wucewa yake, laka ce ke riƙe tarihi. Dole a ɗebi laka, da rani da damina, a sama da garejoji da kuma ƙasa da su, sannan a kwatanta.

Kafin nan fa?

Tsamo mai daga laka aiki ne mai tsada: an ƙiyasta gyaran Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Hana shi shiga kuwa duro ɗaya mai murfi a kowane gareji ya isa farawa. In ka kai mota juye, tambayi makanikenka ina tsohon man zai tafi.