Biskit Ɗin Almon Na Sinawa: Yadda Ake Gasa Shi A Gida Lokacin Biki

A fitowar wannan mako, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta leƙa madafin Sinawa domin ta kawo muku bayanin wani ɗan biskit da suke gasawa idan babban bikinsu ya ƙarato, wato biskit ɗin almon. Kayan haɗinsa ba su fi takwas ba, kuma ɗan ƙaramin aji ma zai iya haddace su. Sai dai duk wani mataki na yin sa yana da dalili. Wani dalilin na al'ada ne, wani kuma irin wanda muke ji ne a ajin kimiyya. Akwai kuma abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya kai shi baki.

Wane biki ne?

Babban bikin Sinawa shi ne na shiga sabuwar shekara bisa kalandarsu ta gargajiya, wanda suke kira Bikin Bazara. Kalandar tana bin wata, amma tana lura da rana. Kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda, sai shekarar ta zama mai wata 13. Shi ya sa bikin ba ya zagaya damina da rani kamar yadda Sallah take yi, kullum yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ya faɗo ranar 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Kwana 15 ake yi ana shagali, a rufe da Bikin Fitilu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

A kwanakin nan ana ziyartar dangi, manya suna ba yara kuɗi a cikin jan ambulan, kuma ba a barin baƙo ya zauna baki a bushe. Akan ajiye wani faranti mai gida-gida, sau da yawa gida shida ko takwas, cike da alewa da busassun 'ya'yan itatuwa da ƙwayar kankana. Suna son lamba takwas domin a harshensu furucinta ya yi kama da na kalmar bunƙasar arziki. Kusa da wannan faranti ake jera biskit iri-iri. A wajen Sinawan Maleshiya da Singafo, tun saura makonni ake fara gashi, ana cika robobi masu jan murfi, wasu na gida, wasu na kyauta.

Siffar biskit ɗin almon ita ce saƙonsa. Zagayayye ne kamar kwandala, kuma launinsa ruwan zinariya ne. Wanda ya miƙa maka shi yana yi maka fatan wadata ne a shekarar da aka shiga. Haka nan zagaye a wajen Sinawa alama ce ta cikar iyali, kowa ya dawo gida an haɗu.

Suna ɗaya, iri biyu

Idan aka ce biskit ɗin almon na Sinawa, abu biyu ake nufi. Na farko shi ne na kudancin ƙasar Sin, musamman birnin Zhongshan da ke lardin Guwangdong, da kuma Makawo, yankin da Fotugal ta mulka har zuwa 1999. Wannan da garin wani ƙaramin koren wake ake yin sa. Ana haɗa garin da sukari da mai da almon, ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, a danna shi cikin mazubin katako mai sassaƙen fure ko rubutu, a buga mazubin ya faɗo, sannan a busar da shi a hankali a kan wutar gawayi. Har gobe yana cikin manyan tsarabar da baƙi ke saye a Makawo.

Na biyu da fulawar alkama ake yin sa, a shafa masa ƙwai, a dasa ƙwayar almon ɗaya a tsakiya. Ya yi suna ne a wajen Sinawan da suka yi ƙaura. Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dubban mutane, yawancinsu 'yan Guwangdong, sun tsallaka teku zuwa Amurka, suka tafi da girkinsu. Ana danganta wannan biskit da wani tsohon biskit na Sinawa da ake yi da ƙwayar walnot. Kalifoniya kuwa ita ce a yau ke noma mafi yawan almon ɗin duniya. Wannan iri na biyu shi ya fi sauƙin yi a gida, domin ba ya buƙatar mazubi, kuma shi za mu yi bayani.

Wane almon ake nufi?

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Bishiyar nan mai faɗin ganye da ake shukawa a harabar makarantu don inuwa, wadda yara ke fasa ƙwallonta da dutse, wasu suna kiran ta almon, amma danginta daban ne. Almon na gaskiya ɗan uwan afirikot ne, ƙwayarsa doguwa ce mai tsini a gefe ɗaya, da ɓawo ruwan ƙasa.

Su ma Sinawa suna da nasu ruɗanin. Kalmar da suka daɗe suna amfani da ita, wadda ake fassarawa da almon, asalinta ƙwayar cikin ƙwallon afirikot take nufi. Tana da iri biyu, mai zaƙi da mai ɗaci. Ƙamshin nan mai ƙarfi da aka san biskit ɗin da shi daga wani sinadari yake fitowa mai suna benzaldihaid, wanda ya fi yawa a ƙwaya mai ɗaci. Almon mai zaƙi da ake sayarwa a manyan kantuna ƙamshinsa kaɗan ne, shi ya sa masu gashi sukan ɗiga ruwan ƙamshin almon a kwaɓinsu.

Kayan haɗi

Don samun biskit kusan 28, ga abin da ake buƙata:

Fulawa, giram 200
Niƙaƙƙen almon, giram 100
Bota, giram 150
Sukari, giram 110
Ƙwai 2
Bekin soda, rabin ƙaramin cokali
Gishiri, ɗan kaɗan
Ƙwayar almon 28, na ɗorawa a kai

Mai son ƙamshi ya fito sosai zai iya ƙara rabin ƙaramin cokali na ruwan ƙamshin almon.

Yadda ake yi, da dalilin kowane mataki

Da farko a fitar da bota ta yi laushi, amma kada ta narke. A buga ta da sukari har haɗin ya yi haske. Ƙwayoyin sukari suna huda botar, suna barin ƙananan ramukan iska, kuma iskar nan ce take hana biskit zama dunƙulen dutse. Sai a sa gwaiduwar ƙwai ɗaya a juya.

Na biyu, a tankaɗe fulawa da bekin soda da gishiri, a zuba niƙaƙƙen almon, a juye su cikin botar. A haɗa da hannu ko muciya har sai gari ya ɓace, daga nan a tsaya. Wannan shi ne wurin da aikin yake gyaruwa ko ya lalace. A cikin fulawa akwai sinadaran gina jiki da idan suka haɗu da ruwa aka murza su, sai su saƙa wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi mai burodi yake nema, shi ya sa yake shan wahalar murza kwaɓinsa. Mai biskit kuwa gudunsa yake yi. Mai yana lulluɓe ƙwayoyin fulawa ya hana ruwa isa gare su, garin almon kuma ba shi da gulutin ko kaɗan. Sakamakon shi ne biskit mai marmashewa a baki. Saboda haka ba a zuba ruwa a wannan kwaɓi, ba a kuma yi masa murzar burodi.

Na uku, a rufe kwaɓin a sa a firji na minti 30 zuwa awa ɗaya. Idan babu firji, a ajiye shi a kwano mai murfi a wuri mafi sanyi a gidan, kuma a yi aikin da sassafe. Bota mai sanyi ba ta saurin narkewa a wuta, don haka biskit ɗin yakan riƙe siffarsa kafin ya baje.

Na huɗu, a gutsuri kwaɓin a mulmula kamar girman goro, wajen giram 20 kowanne. A jera a farantin gashi, a bar tazarar yatsa biyu a tsakani, a ɗan danna kowanne da tafin hannu, a dasa ƙwayar almon a tsakiya. Daidaita girman ba don kyau kaɗai ba ne: idan wani ya fi wani, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya gasu.

Na biyar, a kaɗa ɗaya ƙwan a shafa a saman kowanne. Daga nan launin zinariyar yake zuwa. Idan sinadaran gina jiki suka haɗu da sukari a kan zafi, sai su canza launi su ba da ƙamshi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan canji a 1912, kuma shi ne dai yake sa tsire da bayan burodi su yi ja.

Na shida, a gasa a oben mai zafin digiri 170 na tsawon minti 15 zuwa 18. Bekin soda zai saki iskar kabon dayoksaid, biskit ya ɗan kumbura, samansa ya tsattsage. Wannan tsagewar ba aibi ba ce, da ita aka san shi. Wanda ba shi da oben zai iya bin hanyar da iyayenmu mata suke gasa kek, wato babbar tukunya da yashi a ƙasa, a kan wuta marar ƙarfi. Idan an sauke, a bar shi a farantin na minti 10, domin da zafinsa yana da laushi, taɓa shi kaɗan sai ya karye. Bayan ya huce sarai a zuba a gwangwani ko roba mai murfi. Iska mai laima ce babbar abokiyar gabarsa.

Hattara da abu huɗu

Na ɗaya, kitsen alade. A girkin Sinawa na asali da shi ake yin wannan biskit, domin kusan dukkansa mai ne, alhali bota tana da ruwa kusan kashi 16 cikin 100. Wani irin na Zhongshan ma har da siririn yankan kitsen a tsakiyarsa. Don haka Musulmi kada ya ci na kanti ko na tsaraba sai ya karanta jerin kayan haɗin da ke jikin kwalin. Su ma Musulmin ƙasar Sin, irin su al'ummar Hui, suna da nasu kayan gashi na halal da suke yi da man tsirrai. A gida bota ta wadatar.

Na biyu, ruwan ƙamshin almon. Da yawa daga cikinsa a cikin giya ake narkar da shi. A duba kwalbar, a nemi wanda babu ita, ko a bar shi gaba ɗaya a ɗan soya almon ɗin sama-sama kafin a niƙa, ƙamshinsa zai tashi.

Na uku, ƙwaya mai ɗaci. Tana ɗauke da sinadarin amigdalin, wanda jiki yake juyawa ya zama gubar sayanaid, danginta ɗaya da gubar da ke sa ake jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci. Sinawa sukan sarrafa ta, kuma kaɗan suke sawa. Mu dai shawararmu ita ce a tsaya ga almon mai zaƙi.

Na huɗu, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar almon ko gyaɗa. Wani kaikayi zai yi, wani kuma numfashinsa ne zai toshe, abin ya kai ga asibiti. Duk wanda zai raba biskit a aji ko a ɗakin kwana, ya faɗi abin da ke ciki kafin ya miƙa. Rigakafi ya fi magani. Ƙannenmu na ƙananan azuzuwa kuma kada su kunna wuta sai da babba a kusa.

Idan almon ya yi tsada fa?

Gaskiya ne almon ba ya da araha a kasuwanninmu. Amma Sinawan Maleshiya da Singafo suna da wani biskit na wannan biki da suke yi da soyayyiyar gyaɗa niƙaƙƙiya, da fulawa, da sukari, da mai, su shafa masa ƙwai, wasu su ɗora ɓarin gyaɗa a kai. Ke nan wanda ya musanya almon da gyaɗa giram 100 bai fita daga al'adar masu abin ba, kuma duk dalilan da muka lissafa suna nan yadda suke.

Muna roƙon malamanmu na darasin kula da gida da na kimiyya su duba yiwuwar gwada wannan a aji: a raba kwaɓi biyu, a murza ɗaya na minti biyar, a bar ɗayan, a gasa su tare, sannan ɗalibai su ɗanɗana su faɗi bambancin. Gani ya kori ji. Duk ajin da ya gwada, ya rubuto mana sakamakon a saka a akwatin ƙungiya, za mu liƙa shi a wannan allo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Mu huta lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta